Sanarwa Kan Komawa Bakin Aiki Bayan Hutun Babbar Sallah

Assalamu alaikum, ƴan'uwa malamai da sauran ma'aikata. Barkanmu da Sallah, da fatan an yi layya lafiya.

Ina tunatar da mu cewa ranar Litinin za mu koma bakin aiki, kuma da ƙarfe 7:30 na safe za a tara ɗalibai kamar yadda aka saba. Waɗanda suka yi Sallah a Zuru ko Yawuri, ina ba su shawara su taso tun ranar Asabar, domin ranar Lahadi tasha kan cika, har direbobi su ƙara kuɗin mota. Bara ni ma na yi wannan sakaci: na baro Yawuri da la'asar, motarmu ta lalace bayan Koko, ban shigo Birnin Kebbi ba sai tsakar dare. Washegari na tsaya gaban allo, alli a hannu, ina ta hamma, na rasa inda muka tsaya a darasi.

Abin da ya fi wuya a ganina shi ne barci. Mun saba da hirar dare da baƙi, da komawa shimfiɗa bayan sallar Asuba, kuma jiki ba ya sauya hali a dare ɗaya, saboda haka a fara kwanciya da wuri tun yau, har da yaran gida.

Kwana biyun farko a yi bitar abin da aka koyar kafin hutu. Zubin adashe kuwa an ɗage shi sai an yi albashi, tunda kowa ya san abin da ragon layya ya yi wa aljihu.