Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Teku: A Rubuta Sunayen Waɗanda Ruwa Ya Ci Wajen Ceto

Mai girma Minista,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mutumin Yauri ne, neman abinci ya kai ni Penzance a yankin Cornwall, can ƙurewar kudu maso yammacin Ingila, inda nake aikin kula da tsofaffi. Abin da na gani a wani ƙauyen masunta kusa da mu shi ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Sunan ƙauyen Mousehole a rubuce, amma mutanensa Mauzal suke cewa, kuma in ka faɗa yadda aka rubuta nan take za a gane baƙo ne kai. Duk Disamba sukan ƙawata bakin ruwansu da fitilun Kirsimeti, jama'a na zuwa kallo daga nesa. Ranar 19 ga watan wata abokiyar aikina ta ja ni muka je. Muna tsaye kan katangar tashar jiragen, sanyi na ratsa ƙashi, ƙarfe takwas na bugawa sai aka kashe fitilun. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana marin duwatsu. Wani dattijo a gefena ya tuɓe hularsa ya riƙe a ƙirji cikin wannan sanyin. Sai ƙarfe tara aka kunna. Haka suke yi kowace shekara saboda mutum takwas.

A daren 19 ga Disamba, 1981, wani sabon jirgin dakon kaya mai suna Union Star ya ɗauko takin zamani daga Holan zai kai Ireland. Tafiyarsa ta fari ke nan. Ruwan teku ya shiga tankin mansa, inji ya mutu, guguwa ta shiga tura shi wajen duwatsun gaɓa. Mutum takwas ne a ciki, har da matar kyaftin Henry Morton da 'yan mata biyu. Iska ta kai gudun mil 100 a awa, raƙuman ruwa suna tashi har ƙafa 60. Jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya zo, ya yi iya yinsa, bai iya ɗauke ko mutum ɗaya ba.

Sai aka kira jirgin ceto na tashar Penlee da ke kusa da Mauzal, mai suna Solomon Browne, jirgin katako mai tsawon ƙafa 47. Ranka ya daɗe, a lura da su wane ne suka shiga. 'Yan sa-kai ne, mutanen gari, wasu masunta, wani mai gidan saukar baƙi. Waɗanda suka amsa kira sun fi yadda ake buƙata, matuƙin jirgin, Trevelyan Richards, ya zaɓi bakwai. Wani yaro ɗan shekara 17, Neil Brockman, ya zo a shirye tare da mahaifinsa. Richards ya mayar da shi, domin ba zai ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare ba. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san abin da ke ran mutumin da ya yanke wannan hukunci: ya san ba lalle su dawo ba, kuma ya tafi.

Sun yi ta matsawa jikin Union Star ruwa na watso su. Har igiyar ruwa ta ɗaga jirginsu ta ɗora kan babban jirgin, ya zamo ya koma ruwa, suka sake komowa. Saƙonsu na ƙarshe a rediyo shi ne sun ɗauko mutum huɗu. Maganar ba ta ƙare ba ta yanke. Mutum 16 suka halaka, wasu gawarwakin har yau ba a gan su ba. Matuƙin jirgin saman, wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Russell Smith, ya shaida daga baya cewa bai taɓa ganin jarumta irin tasu ba.

Ga sunayensu, don kuwa batun suna ne ya kawo ni: Trevelyan Richards, Stephen Madron, Nigel Brockman, John Blewett, Charlie Greenhaugh, Kevin Smith, Barrie Torrie, Gary Wallis. Ban sha wahalar samunsu ba, suna nan rubuce a tsohon gidan jirgin, wanda aka bari a matsayin wurin tunawa bayan tashar ta koma Newlyn a 1983. Ƙungiyar RNLI, wadda ke aikin ceto a tekun ƙasar tun 1824 da kuɗin gudummawar jama'a, ta ba Richards lambar zinariya, sauran ta tagulla. Jama'a suka tara wa iyalansu fiye da fam miliyan 3. Kafin a gama zaman makoki wasu mazan garin sun ba da sunayensu don maye gurbi. Yaron nan da aka mayar kuwa, shi ya zama matuƙin jirgin ceton Penlee daga baya.

Ina tsaye cikin duhun nan, baffana ya faɗo mini a rai. Ina ƙarami, wata ranar kasuwa, kwale-kwale ya kife ba nisa da gaɓa. Baffa yana gyaran koma, ya yar da ita ya faɗa ruwa da rigar jikinsa. Ya fito da mace, ya koma ya fito da yaro, ya koma ya fito da wani. Na huɗun ne bai fito ba. Kwana biyu aka tsinci gawarsa a can ƙasa. Aka yi sadakar uku da ta bakwai, aka ce Allah ya jiƙansa, shi ke nan. Ban ɗora wa kowa laifin mutuwarsa ba, ajali ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, in mu da muka san shi muka kau, babu takarda ko dutse da zai nuna an yi shi.

Ka fi ni sanin yadda ruwa ke cin mutanenmu. Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021, Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen wannan shekarar, Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, inda 'yan biki fiye da 100 suka rasu. A irin waɗannan wurare, kafin motar hukuma ta iso, Sarkawa da masunta da masu ninƙaya na gari sun riga sun shiga ruwa. A labarai sai ka ji an ce "masu ninƙaya na ci gaba da neman sauran", magana ta wuce. Ɗaya da sunansa ya fito shi ne Joe Blankson na jihar Ribas, wanda a Yulin 2018 ya tsamo mutum 13 a hanyar ruwan Bakana, ya koma ɗauko na 14 ruwa ya riƙe shi. Shi ma in ka tambayi matasa goma yau, da wuya biyu su san shi.

Na ji labarin rabon rigunan kariya ga masu shiga jiragen ruwa, madalla. Roƙona ƙarami ne a kan wannan. A umarci NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta buɗe rajista, ta zauna da sarakunan ruwa da masu unguwanni, a rubuta sunan duk wanda ya rasu wajen ceto, da garinsa, da ranar. Dattawan da suka riƙe waɗannan sunaye a ka suna ƙarewa, don haka abin na gaggawa ne. A sassaƙa su a jikin dutse a Lakwaja, mahaɗar Neja da Binuwai, inda hedikwatar hukumar take. Marayunsu kuma a ɗauki nauyin karatunsu da doka, kada ya zama sai in wani gwamna ya ji tausayi a gaban 'yan jarida.

Na san wani zai ce mu Musulmi addu'a muke yi wa mamaci, ba ruwanmu da kashe fitila. Gaskiya ne, kuma ban nemi a kwaikwayi Mauzal ba. Amma mai addu'a ma yana so ya ambaci suna. Sannan mai tsamo mutane da hannu da filafili, in aka san da shi a rubuce, ya fi sauƙi a miƙa masa jirgi mai inji da igiya da fitila tun yana da rai.

Ranar da aka buɗe rajistar, ranka ya daɗe, a sanar a rediyo. Ina da suna ɗaya da zan kawo, kuma matar da ya fara tsamowa tana nan da ranta, za ta ba da shaida.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan Yauri mazaunin Penzance