Gaisuwar Babbar Sallah daga Tirupati, ƙasar Indiya

Baba da Umma,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah Ya karɓi layyarku, Ya maimaita mana. Ina fata kowa na lafiya, da ƙafar Gwaggo kuma da sauƙi. Mun yi idi da hantsi tare da Musulmin garin nan, su Bakrid suke ce wa wannan Sallar. Wani maƙwabcinmu ya aiko mana da shinkafa da naman akuya, Allah Ya saka masa. Amma da na tuna ƙamshin suyar Umma a tsakar gida, sai da idona ya ciko.

Baba, ka tambaye ni a waya ko da gaske garin da nake karatu garin ziyarar mabiya Hindu ne. Haka ne. Daga tagar ɗakina ina hango duwatsun Tirumala guda bakwai, a can sama ɗakin bautar Benkateswara yake, wanda suka ɗauka shi ne abin bautarsu Bishnu. Galibi mutum fiye da dubu 50 ne ke hawa a kowace rana. Wasu da mota, masu bakance kuwa ƙafa suke takawa ba takalmi, matakala 3,550 daga Alipiri da ke gindin duwatsun, suna ta kiran "Gobinda, Gobinda", ɗaya daga sunayensa. Da idona na ga wata tsohuwa sa'ar Gwaggo tana durƙusawa a kowace matakala tana shafa mata kurkum da jan gari. Na daɗe a tsaye ina kallonta.

Hankalinku ya kwanta, ban shiga ba. Wanda ba Hindu ba sai ya sa hannu a takarda cewa ya yi imani da wanda ake bauta wa a ciki, ni kuwa kun san ba zan yi ba. Abokin karatuna bai ji haushi ba, shi ne ma ya zauna ya ba ni tarihin wurin. Tun 966 wata sarauniya mai suna Samabai ta ba shi kyautar filaye da kayan ado, kuma yana nan a rubuce jikin dutse. Sarki Krishnadebaraya na daular Bijayanagara ya hau sau bakwai tsakanin 1513 da 1521, ya ba da zinaren da aka lulluɓe hasumiyar da shi. Tun 1933 wata hukuma ce ke riƙe da wurin, tana ciyar da maziyarta kyauta kullum.

A aƙidarsu, Benkateswara ya ci bashi wajen Kubera, mai taskar dukiya, don ya auri Padmabati, kuma har yau ba a gama biya ba. Shi ya sa talaka da attajiri ke zuba kuɗi da zinare a asusun wurin, suna taya shi biya. Wanda kuma buƙatarsa ta biya, kansa yake bayarwa a aske ƙwal, maza da mata har da jarirai. Hukumar na yin gwanjon gashin, a kai shi ƙasashen waje a yi gashin kanti.

Wannan askin ne ya tsaya mini a rai yau. Tashar jirgin ƙasa cike take da mutane masu sabon aski, ga shi kuma yau ce ranar da alhazai ke aski a Mina. Sai hotonka na shekarar da ka sauke farali ya faɗo mini, Baba, wanda ke rataye a zaure. Umma, ke kaɗai kika rage, kuma ban manta alkawarin da na yi miki a bakin mota ba. Saura shekara ɗaya in gama, albashin farko da na biyu na kujerarki ne in sha Allahu.

Na turo ɗan abin Sallah ta hannun Yaya, a raba wa yara, a ba Gwaggo nata daban. In an samu mai zuwa, a ɗan ɗauro mini dambun nama da yaji da kuka. Ku gaishe da Kawu da mutanen gidansa, da Malam Liman, ku kuma ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanku na Indiya