Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Sista Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Assalamu alaikum.

Iyayenmu mata, ƴan'uwa, da magidantan da ke zuwa shagonmu na kayan haihuwa da na jarirai a nan gefen kasuwar Wunti: waɗanda suka zo makon jiya sun tarar da ƙofa a garƙame. Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, wadda yawancinku kuka sani da Sista, jikokinta kuma suke kira Hajiya Kaka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun gode wa duk wanda ya samu jana'iza, da wanda ya tako gida, da wanda ya bugo waya. Allah Ya ba da lada.

A zaman makoki mun ga abin da ba mu zata ba. Mata da ba mu taɓa gani ba suka riƙa shigowa, wata da saurayi ya fi ta tsawo, ta nuna shi ta ce a hannun Sista ya faɗo. Wata dattijuwa daga wajen Darazo ta ce haihuwarta uku Hajiya ta karɓa, ta kuma karɓi ta ƴarta.

Ta fara aikin unguwar zoma na asibiti tun Bauchi tana cikin Jihar Arewa maso Gabas, kafin a ba mu jiha a 1976. An yi ta yawo da ita, har can ɓangaren Gombe, shekaru kafin a raba a 1996. Ta sha ba mu labarin karɓar haihuwa da fitilar ƙwai, tana riƙe da tocila a baki. Da ta cika shekara 35 a bakin aiki ta yi ritaya, muka ce to, an huta. Ina! A 2009 da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin tura unguwar zoma asibitocin karkara, har da waɗanda suka yi ritaya, sai ta sake guge farar rigarta.

Shagon nan daga baƙin cikinta ya fito. Ta gaji da ganin an kawo mace tsakar dare tana naƙuda, babu safar hannu, babu auduga, babu leda, babu sabuwar reza, maigida yana zaga gari a kan babur yana buga ƙofofin da ba za a buɗe ba. Sai ta fara haɗa kayan a jaka ɗaya, mace ta saya tun cikin yana wata bakwai ta rataye a ɗaki. Jakar da muke sayarwa yau, jerin kayan cikinta da rubutun hannunta yake.

Kun san ba ta da sanyin baki. Mace ta zo sayen zanin goyo, Hajiya ta kalli ƙafarta ta ga kumburi, sai ta ajiye cinikin ta hau tambaya: yaushe rabonki da awo, an gwada jininki, kanki yana ciwo? Ta ga abin da jijjiga take yi wa mai hawan jini, ta ga ƴan matan da doguwar naƙuda a gida ta bar su da yoyon fitsari sai an kai su Ningi an yi musu aiki, don haka ba ta ɗaukar "sai maigida ya dawo" a matsayin amsa. Wankan jego ba ta taɓa hana shi ba, mu ma duk ta yi mana. Rigimarta da kanwa ce. Takan ce wa surukai su rage ta a kunu, domin yawanta yana wahalar da zuciyar mai jego. Haka ta yi ta fama da masu matse dakashi su zubar, da masu shafa wa cibiya man goge baki ko toka, alhali ga maganin shafawa da asibiti ke bayarwa. Wasu sun ji haushinta, ba ma musu. Da yawansu kuma sun dawo da goron suna.

A gida kuwa wata mace ce daban. Jikanta namiji angonta ne, mace kishiya, kullum ana rigimar kuɗin cefane da alawa. Su ne har yanzu suke leƙa ɗakinta.

Ga abin da ya sa muka rubuto. Kaya suna nan, farashi da inganci yadda kuka sani. Amma kujerar nan ta bakin ƙofa, inda take zama tana duba ku, babu mai hawanta. A cikinmu babu wanda ya karanci aikin jinya. Don Allah kada wadda ta ga jini, ko kumburi, ko ta ji motsin ciki ya ragu, ta biyo ta shago neman shawara kamar da. Ta wuce asibiti kai tsaye. Allurar naƙuda da magungunan da wasu ke tambaya, ba mu sayar ba tana raye, ba za mu fara ba.

Sai maganar bashi. Duk wanda yake bin Hajiya wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya zo ya same mu a sauke mata nauyi. Littafin da take rubuta waɗanda suka karɓi jaka kafin kuɗi su samu yana hannunmu. Mu ƴaƴanta mun zauna mun yafe abin da ke ciki, ladan ya kai mata. Kada kunya ta hana kowa shigowa.

Za mu buɗe ranar Litinin da safe, in Allah Ya kai mu. Waɗanda suka ba da kuɗin jaka kafin rasuwar, an haɗa muku, sunayenku na jiki.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa aljanna ce makoma. Masu ciki, Allah Ya sauke ku lafiya.

Wassalam,
Babbar ƴarta, a madadin iyali da ma'aikatan shago
Bauchi