Godiya ga ma'aikatan sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya da daddare 'yata mai shekara 4 ta gutsiri tuwo da hannun dama ta kai baki da kanta. Rabin miyar a gaban riga ta ƙare, amma sai da uwarta ta yi hawaye. Shi ya sa na kasa barci ban rubuto muku ba.

An haife ta bayan doguwar naƙuda, ba ta yi kuka da wuri ba. Tana wata 6 muka lura hannun daman kullum a dunƙule yake, babban yatsa a cikin tafi, komai da hagu take kai wa. Aka ce bahaguwa ce. Da abin ya ƙi, aka ce shafar iska ce, muka sha hayaƙi har wani mai magani ya ci mana akuya biyu.

Ni da na ɗauka Dala ta masu karaya ce kawai. A wurinku aka zaunar da mu, aka yi mana bayani dalla-dalla: galahanga ce, ƙarancin iska lokacin haihuwa ya taɓa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke juya daman jiki. Raunin ba ya ƙaruwa, amma hannun da aka bari ba aiki sai ya ƙage. Ba ku yi mana alkawarin warkewa ba, kun dai ce zai yi amfani in mun jure. Wannan gaskiyar ta fi komai kwantar min da hankali.

Ranar da malamar da ke duba ta ta sa wa hannun hagun safa, yarinya ta tsala ihu, kakarta ta miƙe ta ce, "Wane irin magani ne wannan, a ɗaure hannu mai lafiya?" Malamar ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Hajiya, muddin hagu na yi mata komai, dama ba za ta koyi aiki ba." Yanzu Hajiyar ce ke tuna mana lokacin safa.

Aikin gida kuma ba ku ɗora mana sayen komai ba: murafen kwalba a jefa a kwano, kwaɓin fulawa a murza, cokali a naɗe masa tsumma ya yi kauri, sai abin da kuka yi mata na riƙe yatsa a buɗe in za ta kwanta. Kullum bayan la'asar uwarta ke shimfiɗa tabarma, yayyenta su mai da abin wasa.

Maɓalli har yanzu yana gagarar ta, kuma in ta gaji hannun na komawa dunƙule. Za mu zo ranarmu in sha Allahu, da kwanon murafenmu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya muku zuri'a.

Naku,
Mahaifin yarinyar, daga Kurna, Kano