Amsa ga Alhajin da ya tambaya ko an biya ni

Assalamu alaikum, Alhaji.

Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, kan rubutun da na yi game da kamfanin mai na Amurka Standard Oil, a nan zan amsa. Ka ce in har kananzir ya yi araha a zamanin Rockefeller, attajirin da ya kafa kamfanin, mene ne laifin Standard Oil? Ka ce Ida Tarbell, 'yar jaridar da ta tona asirin kamfanin, ramuwar gayya ta yi don an karya mahaifinta, ni kuma na haɗiye maganarta ba tauna, sannan ka rufe da "ko dai an biya ka ne?" Wannan ta ƙarshen ta yi min ciwo. Masu karanta ni sun san ba na kawo lamba sai na san tushenta. Kai kuwa, ranka ya daɗe, da tankoki ke lodi da sunanka, ban san abin da ya tsone maka ido a labarin kamfanin da aka rusa tun 1911 ba.

Gaskiya ne mahaifinta na cikin ƙananan masu harkar mai a Titusville, jihar Pennsylvania, kuma ya ji jiki. Bari ma in ƙara maka da wadda ba ka sani ba: ƙanenta William a Pure Oil yake aiki, kamfanin da ke gogayya da Standard. To sai me? Kashi 19 ta rubuta a mujallar McClure's daga 1902 zuwa 1904, kuma da takardun kotu ta gina su, da shaidar rantsuwa da aka bayar a gaban kwamitocin majalisa, da kwantiragin kamfanonin jirgin ƙasa. Har ofishin Standard da ke lamba 26 Broadway ta riƙa zuwa tana tuntuɓar Henry Rogers, ɗaya daga cikin jiga-jigan kamfanin. Mai jin haushi na iya riƙe takarda ta gaskiya. In kana da ja, nuna wadda ta ƙirƙira.

Ga abin da ke cikin takardun, tunda da alama ba ka buɗe su ba. A yarjejeniyar 1872 tsakanin kamfanonin jirgin ƙasa da South Improvement Company, ƙungiyar wasu masu matatun mai da Rockefeller ke ciki, kuɗin dakon gangar ɗanyen mai daga yankin rijiyoyi zuwa New York dala 2.56 ne. 'Yan ƙungiyar za a mayar musu da dala 1.06, wato 1.50 za su biya. Ka ce ragin babban kwastoma ne, na yarda. Amma wanda ba ya ciki zai biya 2.56 cif, sannan kamfanin jirgin ya ciro 1.06 daga kuɗinsa ya miƙa wa 'yan ƙungiyar. Kai ka yi lodi, kishiyarka ta karɓi la'ada. Bayan haka a riƙa tura musu bayanan takardun lodin kowa: wa ya aika, ganga nawa, zuwa ina. Masu rijiyoyi sun yi bore, an soke yarjejeniyar kafin ta fara aiki, amma tsoronta kaɗai ya isa: cikin 'yan makonni matatu 22 daga cikin 26 na birnin Cleveland suka sayar wa Rockefeller. Zuwa 1880 kusan kashi 90 cikin ɗari na tace mai a Amurka na hannunsa.

Leƙen asirin bai tsaya ba. Wani yaron ofis da aka ba takardu ya ƙona ya ga sunan malaminsa na coci, mai ƙaramar matata, a rahotannin da ma'aikatan jirgi ke aikowa a ɓoye kan kayan da yake turawa. Takardun nan sun kai hannun Tarbell. Wanda ya san ranar da kayanka za su isa gari, karya farashi a garin kaɗai ya ishe shi, har ka tattara, sannan ya mayar.

Batun araha ba zan ɓata lokaci a kai ba. Kananzir ya yi sauƙi, Standard ya iya aiki, ita kanta Tarbell ta yaba masa da haka. Ba a kan farashi aka yi shari'ar ba.

Dokar Sherman, mai hana babakere a kasuwanci, na nan tun 1890, tana barci. A 1892 kotun jihar Ohio ta raba gari da tsarin 1882 da ya sa kamfanonin Standard a hannun amintattu tara, sai kamfanin ya sake riga a New Jersey a 1899. Sai a 1906 gwamnatin shugaban Amurka Theodore Roosevelt ta shigar da ƙara, a shekarar da dokar Hepburn ta ba hukuma ikon ƙayyade kuɗin dakon jirgi. Ranar 15 ga Mayu 1911 Kotun Ƙoli ta ce a datsa shi gida 34. Na san za ka ce ai Rockefeller ƙara kuɗi ya yi. Ya yi, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarin kowane yanki nasa ne, ga motoci sun fara shan fetur. Wannan rauni ne na hukuncin, ba wankewa ba ce. Shi ya sa a 1914 aka ƙara da dokar Clayton mai ƙarfafa ta Sherman, da FTC, hukumar sa ido kan gasar kasuwanci.

Abin da ke ƙona min rai ya wuce kai. Mu a Najeriya sai a 2019 aka sa hannu a dokar gasar kasuwanci da ta kafa FCCPC, hukumar kula da gasa da kare masu saye, kuma har yau duk wanda ya tambayi wa ke da defo, wa ke da bututu, nawa ake cajin wane, amsar da yake samu ita ce taka: wa ya aiko ka? Shafukan kwantiragin 1872 na nan a buge, Alhaji. Karanta sashen la'adar, ka dawo a nan inda ka yi tambayar mu ci gaba.

Wassalam.