Hawan Dog Mountain ranar Asabar

Salamu alaikum ƴan uwa. Tafiyarmu Dog Mountain a jihar Washington tana nan ranar Asabar, in Allah ya yarda. A watan Mayu ne furannin balsamroot ke rufe saman dutsen, ruwan ɗorawa ko'ina, ga Kogin Columbia can ƙasa. Amma hawan ba wasa: kusan ƙafa 2,800, kuma tun daga tushe hanyar take miƙewa sama. Mai ciwon gwiwa ya riƙo sanda.

A ƙarshen mako a lokacin furanni sai da takardar izini daga shafin intanet na Recreation.gov, a nema tun yau. A taho da ruwa da rigar sanyi, iskar saman tana da ƙarfi.

Don Allah kada a tsinki fure, kada a taka su garin ɗaukar hoto. Za mu tashi bayan sallar Asuba.