A tare danshi tun daga fandisho

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili mu ja hankalin masu gini a Birnin Kebbi, Argungu da Yawuri, musamman waɗanda filayensu ke bakin fadama. Da Agusta ta kama sai ka ga gindin bango ya yi duhu, fenti ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya feso, tabarma na warin fumfuna. Ruwan ƙasa ne bulo ke tsotsa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. In ya bushe, gishirin da ya ɗauko ya zauna cikin filasta ya rududduge ta.

Maganin yana wurin cike fandisho. A cika ramukan bulon fandisho da kankare, a ɗaga layin DPC, wato shimfiɗar da ke hana danshi hawa bango, aƙalla inci 6 sama da ƙasar waje. A bakin fadama a ƙara. Jar ƙasar ciko kada a juye tifa guda a baje. A zuba inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani. Cikon da bai daɓu ba yakan zauna daga baya, daɓen ya tsage. A bi da yashi mai laushi inci 2 don kada tsakuwa ta huda ledar da za a shimfiɗa a kai ta tare danshi.

Ledar nan ita ce mutane ke yi wa rowa, abin kuwa na ba mu takaici. A sayi mai kauri, geji 1000, a haɗa bakin kowace da 'yar'uwarta da inci 6 zuwa 12, a manne da salatif, a ja ta har ta hau kan bulo. Inda bututu ya ratsa a ɗaure sosai, don ta nan ruwa ke samun ƙofa. Sai kankare inci 4 ko fiye: buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. A shayar da shi ruwa kwana 7.

Wanda gidansa ya riga ya kamu, don Allah kada ya lulluɓe bangon da tayil ko fenti mai sheƙi. Danshin ba ya samun mafita, sai ya hau sama. Ya fara duba waje: ƙasar tsakar gida da aka ciko har ta wuce layin DPC a kwashe ta, a yi daɓen kewaye mai faɗin taku 3 da gangara zuwa kwata, a sa wa indararo bututu, a duba ko sokawe na yoyo. Sannan a ɓamɓare filastar har tsayin mita 1, a bar bangon ya sha iskar hunturu, a sake shafe da siminti mai haɗin maganin hana ruwa.

Wassalam.

Wasu magina da injiniyoyin gini,
Birnin Kebbi